Walda da ƙaramin gurup (janareta): abin da ya faru a wani shago a Maradi, Agusta 2023 zuwa Mayu 2024

Shagon da aikinsa kafin Agusta 2023

Rumfar kwano ce a bakin titi a cikin garin Maradi, maigida ɗaya da yara uku masu koyon sana'a. Yawancin aikinsu ƙofofi ne da tagogi da gadaje, sai gyaran amalanke idan kaka ta gabato. Ƙarfen da suka fi taɓawa bututu ne mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5, da farantin ƙarfe na milimita 1, da ƙarfe mai kusurwa na milimita 3 zuwa 4. A ƙafar amalanke kaɗai suke haɗuwa da milimita 6 ko fiye. Sandar walda E6013 suke ƙonawa: mai kaurin milimita 2.5 ga bututu, mai 3.2 ga firam, mai 4.0 jefi-jefi.

Injin waldarsu taransifoma ce naɗin gida, a cikin akwatin ƙarfe, da bakunan waya huɗu da ake sauyawa don ƙara wuta ko rage ta. Babu allon bayani a jikinta. Da aka auna daga baya, bakinta yana ba da bolt 60 idan ba a walda. Ta yi shekaru a kan wutar NIGELEC, kamfanin wutar lantarkin Nijar, mai bolt 220 da Hz 50 (kaɗawa 50 a daƙiƙa), ba wanda ya taɓa tambayar amfiya nawa take ja, don layin gari yana ɗauke nauyin. Iyakaci fitilun maƙwabta su ƙifta idan an kafa sanda.

Wutar Maradi daga Najeriya take zuwa, ta layin kV 132 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, a farkon Agusta kuma Najeriya ta katse wutar. Unguwanni suka koma samun wuta bi da bi, wani lokaci sai tsakar dare, lokacin da ba a buga ƙarfe a cikin unguwa. Man bakin titi da ake shigowa da shi ta Jibiya da Ɗan Isa kuwa ya riga ya yi tsada tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023. A wannan hali shagon yana riƙe da kuɗin kafin alƙalami na ƙofofi shida da tagogi goma na wani gini.

Agusta 2023: gurup ɗin gida da tsohuwar taransifoma

Maigidan ya ɗauko gurup ɗin gidansa. Injin fetur ne mai ƙarfin doki 6.5, cc 196. An rubuta 3500 da manyan lambobi a jikin tanki, amma ƙaramin allon da ke gefe ya ce kW 2.5 ne ƙarfinsa na aikin kullum, kW 2.8 kuma iyakarsa na ɗan lokaci. A bolt 220, kW 2.5 bai wuce amfiya 11 da ɗoriya ba.

Aka jona, taransifoma ta yi gurnaninta kamar yadda ta saba. Sanda mai 2.5 na taɓa ƙarfe sai injin ya durƙusa, sandar ta liƙe, kafin a ɓamɓare ta makunnin kariya ya faɗi. Aka koma bakin waya mafi ƙarancin wuta. Ta kama na daƙiƙa biyu ko uku, ja-ja, ta mutu. A yini na biyu aka tsallake makunnin kariyar da guntuwar waya don ya daina faɗuwa. Kafin azahar warin ƙonannen fenti ya fara tashi daga kwayil ɗin gurup, wato naɗin wayar da ke samar da wuta, maigidan ya kashe shi, ya mayar da makunnin. Ko taga ɗaya ba a gama ba.

Ga lissafin da ba a yi ba a lokacin. Ƙa'idar masu ƙera injin walda ta ce bolt ɗin da ke bakin sanda shi ne 20 a tara da amfiya sau 0.04. Sanda mai 2.5 a amfiya 80 tana aiki a bolt 23.2, wato kusan kW 1.9. A ido, 1.9 ya shiga cikin 2.5 har da sauran wuri. Sai dai taransifoma ba ta ja gwargwadon bolt 23 ɗin ba, tana ja ne kusan gwargwadon bolt 60 ɗin da aka naɗa ta a kai: 60 sau 80 ya ba da kVA 4.8 (kVA shi ne bolt sau amfiya a raba da dubu), kusan amfiya 22 daga soket. Ninki biyu ke nan na abin da gurup ɗin yake iya bayarwa. Da sanda mai 3.2 a amfiya 120 abin ya kai kVA 7.2, kusan amfiya 33, kuma a ɗan lokacin da sanda ta taɓa ƙarfe kafin wuta ta kama, ya fi haka. Mafi yawan wannan amfiyar ba ta zama zafi a bakin sanda, zuwa take yi ta dawo a cikin waya, kamar amalanken da ke kai da komowa rabinsa wayam: taya na cinyewa, kayan da ke isa kaɗan ne. Kwayil ɗin gurup kuwa duk amfiyar da ta ratsa shi sai ta ɗumama shi, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba.

Satumba 2023: babban gurup na haya

Aka yanke cewa gurup ne ya yi ƙanƙanta, aka yi hayar na gazuwal mai kVA 10 na mako guda. Sautinsa kaɗai ya kwantar wa kowa da hankali. Da sanda mai 2.5 wuta tana kamawa, ana yin santimita biyar ko shida, sai makunnin kariya ya faɗi. Da mai 3.2 ba ya ko jira.

Gurup ɗin mai layi uku ne, na bolt 380. Wannan kVA 10 an raba shi uku daidai, kowane layi yana da kVA 3.3, kimanin amfiya 15. Soket ɗin bolt 220 da ke fuskarsa daga layi ɗaya yake sha, sauran biyun suna zaune ba aiki. Injin gazuwal ɗin bai ko sauya murya ba, shi ya sa aka daɗe ana zargin makunnin da lalaci, alhali aikinsa yake yi: ana neman amfiya 22 zuwa 33 a layin da ke da 15. Ko da a ce taransifomar tana da bakin bolt 380 aka jona ta tsakanin layi biyu, kVA 7.2 zai ja amfiya 19, har yanzu sama da 15. Wani abu kuma ya bayyana da aka jona fitila a ɗaya layin: duk lokacin da aka kafa sanda haskenta yana sauyawa, don ɗora wa layi ɗaya kaya yana karkatar da bolt ɗin sauran.

A makon an samu an ɗiɗɗiga tagogi huɗu, ɗigo-ɗigo, ana jiran wutar gari don a cika su. Aka mayar da gurup, aka biya haya.

Oktoba 2023: inbata, da ƙonewarta

Maigidan ya sayi injin walda na zamani, inbata, wadda ake ratayawa a kafaɗa, an rubuta 250 a jikinta. Aka jona ta da ƙaramin gurup ɗin gida, sai ga shi ta yi. Da sanda mai 2.5 a amfiya 70 wuta ta tsaya lafiya, aka gama tagogin cikin kwana goma.

Dalilin da ta yi a bayyane yake. Amfiya 70 a bolt 22.8 kW 1.6 ne. Irin wannan inbatar tana asarar kimanin kashi 15 cikin 100 a cikinta, don haka tana cin kW 1.9 daga injin. Tana kuma jan wuta a dunƙule, a ƙololuwar kowane kaɗawar wuta kaɗai, abin da ke sa a raba da kimanin 0.7 kafin a samu nauyin da ke kan kwayil: kVA 2.7, amfiya 12. Gurup ɗin na da 11 da ɗoriya. A bakin gaɓa ake tafiya, amma walda ba ta ɗorewa, ana yi ana tsayawa, sai kwayil ya riƙa samun sararin hucewa.

Da aka zo ƙofofi, firam ɗin na buƙatar sanda mai 3.2. Aka murɗa inbata zuwa 100, injin ya durƙusa. Babban yaron shagon ya ɗauko sukurdireba ya matse ƙusar gwamna, wato abin da ke daidaita gudun inji, don injin ya ƙara gudu. Sautin ya tashi, sanda ta fi saurin kamawa, kowa ya ga kamar an samu mafita. Kwana huɗu aka yi a haka. A na biyar mai ya ƙare ana tsakiyar walda, injin ya riƙa tashi yana faɗuwa kafin ya mutu. Aka zuba mai, aka tayar da shi inbata tana kunne. Sanda ta biyu, ana ɗaga ta daga ƙarfe, aka ji fas a cikin akwatin, farin hayaƙi ya fito ta wajen fanka.

Mai gyaran rediyo da talabijin da aka kai wa ya tarar da manyan kondansa biyu, masu tara wuta, sun kumbura, ɗaya ta fashe a kai, IGBT biyu, wato taransistocin da ke kunna wuta da kashe ta da sauri, sun haɗe, hanyar tagulla a kan allon ta ƙone tsawon ɗan yatsa. A jikin kondansan an rubuta bolt 400.

Nuwamba 2023: awo kafin saye

Mai gyaran ya ƙi mayar da inbatar sai an kawo masa gurup ɗin ya auna. Ya ce: "Maigida, in ka maida ta kan abin da ya kashe ta, mako biyu za ka dawo mini da ita." Aka kira makanikin gurup, aka yi awon a shagon da mita mai auna Hz da kuma mita mai baki da ake maƙalawa a waya.

Ba kaya a kansa, gurup ɗin yana ba da Hz 56 da bolt 268. Irin waɗannan injinan suna juyi 3,000 a minti don su ba da Hz 50. Hz 56 na nufin juyi 3,360. Kan gurup ɗin kuma ba mai AVR (na'urar da ke daidaita bolt da kanta) ba ne, mai kondansa ne, wanda bolt ɗinsa ke bin gudun injin: a ƙara gudu, bolt ya hau. Inbata tana tara wutar da ta shigo a cikin kondansanta a kan ƙololuwa, wato bolt ɗin soket sau 1.414. Bolt 220 yana zama 311, bolt 268 yana zama 379, bolt 283 ya isa 400 ɗin da aka rubuta. Tazarar da ta rage bolt 15 ce kacal. Lokaci mafi haɗari kuma shi ne na ɗaga sanda: gwamna ya buɗe maƙogwaron injin gaba ɗaya don ɗaukar kaya, kayan ya ɓace cikin ƙiftawar ido, injin ya zabura kafin gwamna ya rufe, bolt ya yi tsalle. A yini guda ana ɗaga sanda sau ɗaruruwa.

Sai aka juya inbatar aka karanta allon da ke ƙarƙashinta, wanda ba wanda ya duba ranar saye. An rubuta I1max amfiya 27: iyakar abin da take ja daga soket ke nan. Amfiya 27 sau bolt 220 bai kai kVA 6 ba, walda a amfiya 250 kuwa tana buƙatar kW 7.5 a bakin sanda kaɗai. Ba yadda za a yi ta fitar da abin da bai shiga ba. Da aka gwada ta a wutar gari, an murɗa ta har ƙarshe, mita ta nuna amfiya 140. Wannan ya ishi aikin shagon, amma ya nuna lambobin da ke kan maɓallin ba abin dogaro ba ne, don haka aka auna inda amfiya 70 da 110 na gaskiya suke, aka ɗiga jan fenti a wuraren biyu.

Daga nan aka fitar da girman gurup ɗin da ake buƙata, a kan aiki mafi nauyi na kullum, wato sanda mai 3.2 a amfiya 110. Bolt 24.4 sau 110 ya ba da kW 2.7. A raba da 0.85, kW 3.2, abin da injin zai ji. A sake rabawa da 0.7, kVA 4.5, amfiya 20.5, abin da kwayil zai ji. Gurup mai doki 13, kW 5, yana ba da kusan amfiya 23: ya wuce, amma da ƙyar. Mai doki 15, cc 420, kW 6 na aikin kullum, yana ba da amfiya 27, rarar kusan kashi 30 cikin 100. An so rarar ne don zafin bazara da ke rage wa inji da kwayil ƙarfi, da kuma tudun Maradi da ya haura mita 300 daga teku, wanda shi kaɗai yake cin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na ƙarfin injin fetur.

Sharuɗɗa huɗu aka tafi da su kasuwa: layi ɗaya na bolt 220, AVR, kW 6 a rubuce a ƙaramin allo a matsayin ƙarfin kullum, da soket na amfiya 32. An samu uku na farko a gurup ɗin hannu. Kafin a biya aka tayar da shi, aka ɗora masa dutsen guga biyu da injin yanka, aka ga bolt bai sauka ƙasa da 215 ba. Makanikin ya saita shi a Hz 52 ba kaya, don ya zauna kusa da 50 idan kaya ya hau, ya ɗiga fenti a kan ƙusar gwamna yadda duk wanda ya taɓa ta za a gani.

Disamba 2023: gurup ya isa, wuta ba ta isowa

Makon farko sanda mai 2.5 ba ta ba da matsala ba. Mai 3.2 kuwa tana kamawa ta riƙa yankewa, waldar ta fito tsibi-tsibi, ɓawo ya maƙale a ciki. A bakin gurup mita na nuna bolt 214 ana walda, a bakin inbata 192.

Bolt 22 ɗin a hanya suke zubewa. An ajiye gurup nesa saboda ƙara, aka ja wuta da waya mai tsawon mita 30, kaurin mm² 1.5, rabinta a naɗe a kan gangarta. Tagulla mai wannan kauri tana da turjiyar om 0.0121 a kowace mita, kuma wuta zuwa take yi ta dawo, mita 60 ke nan. A amfiya 20.5 asarar ta kama bolt 15, zafin da ke fita a wayar kuma ya kai wat 300. Sauran bolt 7 ɗin sun bayyana da aka kankare bakin wayar da wuƙa: jan ya tafi, fari ya fito, alminiyom ce aka shafa wa tagulla. Abin ya haɗu da wata ɗabi'a ta inbata, wadda idan bolt ya ragu take ƙara jan amfiya don ta cike giɓin, wayar ta ƙara zafi, bolt ya ƙara sauka. Gangar ta yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kanta. Soket ɗin amfiya 16 da ke fuskar gurup shi ma ya yi baƙi a rami ɗaya, robar ta narke ta kama filogi.

Yaran sun ba da shawarar a kai inbata kusa da gurup a ƙara tsawon wayar mariƙin sanda da ta mas, wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake wa walda. An auna wannan a takarda aka bar shi. Waya mai mm² 16, mita 10 kowace, a amfiya 110 tana zubar da fiye da bolt 2.5 daga cikin 24 ɗin da sanda ke aiki da su, sama da kashi 10 cikin 100, ga tsadar wayar. Tsawo a ɓangaren bolt 220 ya fi sauƙi muddin wayar na da kauri.

Aka sa shuɗin soket na amfiya 32 a fuskar gurup, da makunnin kariya na amfiya 25 a bayansa. Aka sayi wayar tagulla zalla mai mm² 4, mita 15, aka kankare ta a gaban mai sayarwa kafin a biya, aka shimfiɗa ta miƙe ba naɗi. Asarar ta koma ƙasa da bolt 3. Aka kashe maɓallin da ke rage gudun injin idan ba kaya, don yana sa a kafa sanda injin na ƙasa, kafin ya tashi sanda ta liƙe. Aka bar fitila mai wat 500 a kunne a ɗaya soket ɗin duk lokacin walda. Tana cin amfiya 2.3, amma tana hana gurup komawa wayam idan an ɗaga sanda, tsallen bolt ya ragu. Bayan wannan mita ta nuna bolt 228 kafin walda, 212 ana yi, iyakar tsallen da ta kama 240.

Saura injin yanka. Babban, mai faifan milimita 230, yana cin wat 2,200, amfiya 10 yana gudu, ninki biyu zuwa uku lokacin tashi. Idan ya haɗu da walda jimillar ta wuce 27. Sau biyu makunnin ya faɗi kafin a kafa doka: mai yanka ba ya danna maɓalli sai ya ɗaga murya, "Maigida, in yanka?", mai walda ya ɗaga sanda ya amsa. Ƙaramin mai faifan 115 kaɗai aka yarda ya yi aiki tare da sanda mai 2.5.

A wannan watan ne kuma aka sa makunni mai sauya layi tsakanin wutar gari da ta gurup, yadda ba za su taɓa haɗuwa ba, aka kafa sandar ƙarfe a ƙasa aka ɗaure jikin gurup da ita, aka ƙara makunnin kariya na mA 30 mai katsewa idan wuta ta bi jikin mutum. Tsarin kunnawa ya zama ɗaya: a tayar da gurup, a ba shi minti biyu, sannan a kunna inbata, a kashe inbata kafin a kashe gurup, a duba mai kafin a fara, ba a zubawa injin na gudu ko yana da zafi.

Janairu da Fabrairu 2024: hunturu da ƙura

Tsakiyar Janairu injin ya fara tashi da faɗuwa shi kaɗai, Hz na yawo tsakanin 47 da 53, wutar sanda na bin sa. Soson matatar iska ya toshe da ƙurar hunturu da garin ƙarfe, a kofin kafireta kuma aka tarar da laka da ɗigon ruwa daga man kwalba. Aka wanke kafireta, aka sa ƙaramar matatar mai a tiyo, aka koma tace mai da kyalle kafin a zuba. Soson ana wanke shi duk kwana biyu, ya bushe, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse. Baƙin man injin, lita 1.1, aka koma sauya shi duk awa 50 maimakon 100 da littafin irin waɗannan injinan yake faɗa, saboda ƙura.

Don gudun ƙurar, yaran sun shigar da gurup cikin rumfa suka kare shi da kwano. Kwana biyu duka ukun suna kukan ciwon kai da jiri da yamma. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kuma kisa a rufaffen wuri. Aka fitar da shi a ranar, aka yi masa ƴar inuwa a waje, buɗe ta kowane gefe, bakin salansa yana kallon nesa da masu aiki. Inbatar kuma aka ɗauke ta daga ƙasa aka ɗora a kan benci, nesa da inda tartsatsin yanka ke zuba, don fankarta na zuƙar garin ƙarfe, shi kuwa yana haɗa wuta a kan allo. Duk Alhamis ana buɗe ta, bayan an cire ta daga soket an bar ta minti biyar kondansa su sauke, a hure ta da iska.

Maris zuwa Mayu 2024: bazara da dawowar wuta

CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, a cikin Maris Najeriya ta maido da wuta. Gurup ya koma na ranakun ɗaukewa da na aikin waje, kamar kafa ƙofa a wurin gini.

Zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, ya taɓa inbata kafin ya taɓa gurup. Sanda mai 3.2 tana ƙonewa cikin minti ɗaya da ƴan daƙiƙu. Idan aka jera uku ba hutu da rana tsaka, fitilar zafi ta kama, wuta ta tsaya. Ba a kashe ta a wannan hali, barin ta ake yi fanka ta ci gaba da juyawa har fitilar ta mutu. Aka mayar da waldar firam safe da yamma, tsakar rana ta zama ta awo da yanka.

Mai ma an auna shi. Gurup ɗin yana shan kusan lita 1 a awa ko ba a komai, kusan lita 2 ana walda sosai. A Disamba yana gudu awa bakwai a yini, mafi yawansu ana awo ne ko ana neman guduma. Da aka koma yanka komai a jera a ƙasa kafin a tayar da shi, awa huɗu ta wadatar, man yini ya sauka daga kusan lita 9 zuwa 6. Daga ƙarshen Disamba zuwa ƙarshen Mayu ba abin da ya sake ƙonewa.

Hukunci

Asarar shagon, wato hayar mako guda, da gyaran inbata, da soket da waya, da jinkirin wata uku a kan ƙofofin mutane, duk ta fito ne daga saye kafin awo. Lambobi biyu aka buƙata tun Agusta: amfiyar da injin walda ke ja daga soket, da amfiyar da gurup ke iya bayarwa ta soket ɗaya ba tare da ya gaji ba. Na farkon awon minti biyar ne da mita mai baki a ranar da wutar gari ta zo, na biyun yana rubuce a ƙaramin allo. An bi manyan lambobin jikin tanki da na akwati, 3500 da kVA 10 da 250, kuma ba ɗaya a cikinsu da ya amsa tambayar.

Ƙonewar inbata ba laifin ƙanƙantar gurup ba ne kai tsaye. Ƙaramin gurup yana hana aiki ne kawai. Abin da ya kashe ta yawan bolt ne, daga ƙusar gwamna da aka matse a kan gurup marar AVR, da tayar da injin tana kunne. Yaron da ya matse ƙusar ya yi abin da ya ga ana yi ne a ko'ina, kuma ba wanda ke da mitar da za ta nuna masa bolt 268. Shagon da ke da inbata ya kamata ya mallaki mita mai auna bolt da Hz kafin ya mallaki gurup. Tsallake makunnin kariya a Agusta da shigar da gurup cikin rumfa a Janairu su ne kurakurai mafi muni, ko da yake ba su ci kuɗi ba: na farko ya kusa cin kwayil, na biyu ya kusa cin rai.

Abin da ya yi aiki haɗuwar abubuwa ne, kuma sauya injin walda ya fi sauya gurup tasiri: sanda mai 3.2 da ke neman amfiya 30 zuwa 33 a taransifoma ta koma neman 20.5. Da an samu inbata mai PFC, wadda ke jan wuta a shimfiɗe, aikin amfiya 110 ɗin zai ja ƙasa da amfiya 15, gurup mai doki 13 ya ɗauke shi da rara mai yawa, man ma ya ragu. Ga wanda bai sayi komai ba tukuna, wannan ce hanyar da ta fi, ko da inbatar ta fi tsada.

Maganin da aka samu yana da iyaka, kuma jan fenti ne kaɗai ke tsare da ita. I1max na inbatar 27 ne, gurup ma 27, alhali abin da aka fi so shi ne gurup ya ɗara da kashi 25 cikin 100 ko fiye. Duk ranar da wani ya murɗa maɓallin ya wuce alamar 110, rarar ta tafi. Sanda mai 4.0 a amfiya 150 tana neman kusan amfiya 30 daga soket, ta fi ƙarfin inbatar da gurup ɗin duka. Don haka ƙafar amalanke tana jiran wutar gari da tsohuwar taransifoma, ko kuma a fere bakin ƙarfen biyu su ba da kwarin digiri 60, a yi zubi uku da sanda mai 3.2, ana kakkaɓe ɓawo da goga tsakanin kowane zubi.